Ranar da Na Kira Sunan Maigidana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta kuma ya saukar da maganinta. Ni ce Hajo, matar Sarkin Jirgin tungarmu, can bakin Kwara kusa da Bagudo. Da furfurata na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga zancena ya karkace ya yi haƙuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a gidanmu saura ƙiris a sa wa mutum mai cikakken hankali mari a ƙafa, kuma masu ƙaunarsa ne suka so sa masa. Ba na son haka ta faru a wani gida.

Kafin in shiga labarin ciwon sai na faɗi wani abu, in ba haka ba 'yan zamani ba za su gane ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan mutumin nan har na aurar da 'ya'ya, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka tarar, mace ba ta kiran sunan mijinta na fari. In da mutane nake magana sai in ce Maigida, in kuwa shi nake nufi sai in yi gyaran murya, ya san da shi nake. Kuma ba ni kaɗai ba. 'Ya'yansa Baba suke cewa, ƙanensa Alu ya ce Yaya, sauran duniya kuwa Sarkin Jirgi, sarautar fito da ya gada daga mahaifinsa. Masu ikon kiran sunansa gatsau, uwa da uba da yayye da abokan wasan ƙasa, duk sun riga mu gidan gaskiya. Sunan yana nan dai, kamar tsohuwar riga a ƙasan adaka.

Ƙarshen damina ne, shekarar da aka ba mu mulkin kai. Mutanen Dahomi da muke cin kasuwa ɗaya da su sun riga mu karɓar nasu, suna zuwa da gishiri da atamfa suna yi mana tsiya wai mun makara. Sai aka aiko wa Maigida cewa ranar tamu jiragen tungarmu ne za su kwaso mutanen ƙetaren gulbi, da makaɗa, da sabuwar tuta, kuma shi zai shiga gaba. Daga ranar ba a ƙara samun kansa ba. Ya sa aka jawo jirage bakin gaɓa, ana toshewa ana wankewa, shi kuma yana yawo cikin taɓo yana faɗa kamar shi za a miƙa wa ƙasar. A nan ya taka ƙurungu, ƙayar kifin ta shige masa tafin ƙafa ta karye a ciki.

Ya shigo yana ɗingishi, na ce ya tsaya in duba.

Ya ce, "Ƙurungu na, Hajo, ba kada ba. Bar ni in tahi aikina."

Ya barbaɗa toka da garin taba, ya ɗaure da tsumma, ya koma cikin ruwa. Makon nan na fari haka ya yi ta yi. Ƙafa ta kumbura har ta fara ƙyalli, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, sannan zazzaɓi ya kayar da shi. Na dafa sabara, na dafa ganyen darbejiya, ya yi surace, ya sha, ya zage ni saboda ɗaci. Ban damu ba. Mun saba da zazzaɓin damina, kuma na san muddin yana da bakin faɗa da sauran ƙarfinsa.

A mako na biyu abin ya sake kama. Wata rana bayan la'asar na shiga da kunu, sai na tarar da shi zaune a tsakiyar gado, ya ɗauko muciyata yana tuƙi da ita, hagu da dama, da gaske har da nishi.

Ya dube ni ya ce, "Ke macce, gyara zama, kina karkata min jirgi!"

Na fashe da dariya har kunun ya zube mini a zane. Mutum ne mai barkwanci, na ɗauka sauƙi ya samu yake tsokanata. Na ce to direba, sai ina? Bai yi dariya ba. Ya ƙura mini ido, irin kallon da yake yi wa baƙin fasinja, ya ce, "Ke ɗiyar wa ta? Wa yas sa ki cikin jirgin ga?"

Mutumin da na haifa wa 'ya'ya yana tambayata ko 'yar wace ce ni. Na ji tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

Abin da ya ƙara rikita mu, da safe garau yake tashi. Ya gaishe ni, ya tambayi shinkafar fadama ko ruwa ya ci ta, ya tambayi ko an gama toshe babban jirgi. Masu dubiyar safe su fita suna cewa Hajo ta cika zuzuta abu, ai Sarkin Jirgi lafiyarsa lau. Masu zuwa da yamma kuwa su tarar da shi yana kwalfe ruwa da ƙwarya daga busasshen daɓe, yana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa, yana tsintar abin da babu a jikin bargo. Su kuma su fita suna salati. Sai tunga ta rabu biyu, 'yan safe da 'yan yamma, har ana musu a bakin masallaci. Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. Wannan ya ce rubutu, wannan ya ce turare, wata ta ce in bincika ko ya taka sawun wani abu a mashaya.

Alu, ƙanen Maigida, shi ya zama babba a gida tunda yayansa ya kwanta. Ni da shi akwai wasa, irin na matar wa da ƙanen miji, amma ranar ba da wasa ya zo ba. Ya ce, "Matar Yaya, abin ga ba na jiki na ba. Dubi dai, ba ya da zance sai na jirgi da gulbi. Mutanen ruwa na sunka taɓa shi."

Na ce, "To Alu, mutumin da yat tashi cikin jirgi, zancen mi kaka son shi yi? Na raƙumi?"

Bai kula ni ba. Ya tafi ƙetaren iyaka ya ɗauko wata tsohuwa cikin Dandawa, wadda aka ce ta san sha'anin mutanen ruwa, wato aljanun gulbi. Ba zan zage ta ba, mace ce mai kirki, ko goron da na ba ta sai da ta raba da ni. Abin da ta gada ta faɗa. Ta ce ruwa ne ke kiran sa, kuma duk abin da ke kiran mutum raba su ake yi. Kada ya ga gulbi, kada ya yi wanka, kada ya sha ruwa sai maƙwarwa guda ta jiƙon da ta bari, safe da yamma. A rufe ƙofa, a toshe taga, a hana masu dubiya.

A wurinmu maganar ta zauna daidai. Mu mutanen bakin ruwa ne, mun san yana ba da abinci kuma yana ɗaukar rai. Alu ya sa aka fitar da randa daga ɗakin, aka rataya tabarma a taga. Ɗaki ya yi duhu, rana da dare suka zama ɗaya. Daga nan har safiyar da yake samun kansa muka rasa. Leɓɓansa suka tsage, harshe ya bushe, fitsari ya koma ɗan kaɗan, ja kamar ruwan jiƙo. Barci ya ƙaurace masa, sai gyangyaɗi da firgita. Da na ga haka na ce tsohuwa ta yi haƙuri, na saci ruwa a ludayi na ɓoye cikin mayafi na kai masa. Ya doke ludayin ya yi sama, ya ce baƙuwar nan guba take son ba shi. An hana shi ruwa har ya kai ga shi da kansa yana gudun sa.

Farkon mako na uku, da magariba, ya ɓalle ƙofa ya nufi gulbi da ƙafa guda, yana ihu wai jirgi ya kwance. Alu ya tare shi, shi kuwa ya sauke masa muciya a goshi. Nan take ƙulu ya fito wa Alu kamar ƙwan agwagwa. Yau in na tuna sai in yi dariya, har shi Alun ma yana yi, amma ranar babu wanda ya yi. Bayan an mayar da shi ɗaki maza suka zauna, suka yanke cewa hauka ne tuburan. Za a ƙero mari, a sa masa, a kai shi gidan wani mai magani can cikin Dahomi inda ake tsare masu irin wannan lalura.

Wanda bai zauna cikinmu ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Mutumin da aka taɓa gani da mari, ko ya warke, ba mai ƙara shiga jirginsa. Ba a karɓar shaidarsa, ba a tambayarsa shawara, in ya yi magana sai a dubi juna a yi murmushi. Sarauta ta tafi, 'ya'yansa su zama 'ya'yan mahaukaci har jikoki. Kuma da wannan ƙafa da wannan ƙishirwa, ni na san ba zai kai Dahomi da rai ba. Na tashi na tsaya a bakin zaure, abin da ban taɓa yi ba maza na zaune.

Na ce, "Alu, maƙerin ai Bagudo shike, ko? To ɗakin shan magani ma can shike. Ku biya da shi a duba ƙahwar ga. In malamin asibiti yac ce hauka na, ni da hannuna zan riƙe muku marin."

Garba, babban ɗana, wanda bai taɓa ɗaga ido a gaban baffansa ba, ya ce, "Baffa, a yi abin da Inna tac ce." Alu ya shafa ƙulun goshinsa, ya ce to, amma in rana ta faɗi ba a ga canji ba, shi zai yi abin da ya ga ya dace.

Da sassafe muka kama hanya. Da jirgi ya fi sauƙi mu rage tafiya, amma tunda an ce kada ya ga gulbi, sai aka ɗora Sarkin Jirgi guda a kan jaki, Garba na riƙe da shi ta baya. Mutumin da bai taɓa hawan dabba ba. Ya kama kunnen jakin yana karkata shi, yana cewa, "Jirgin ga wa yas sassaƙa shi? Taurin kai garai!" Ina tafe ina kuka ina dariya, mayafina duk ya jiƙe. Akuyata ma tana biye da mu a igiya, don ita za ta ɗauki nauyin hidimar. Na so in ce ban yi ƙorafi ba, amma ƙarya ne, akuya ce mai haihuwar tagwaye.

Bagudo ta cika ta batse da shirin biki. Ana share hanya, ana shafa farar ƙasa a gindin itatuwa, 'yan makaranta na koyon maci ana busa musu usur. Layin ɗakin shan magani kuwa ya zagaye gini ya kai gindin tsamiya. Masu gyambo, masu tari, mata da goyo, Fulani da sandunansu, kowa ya kasa ya tsare. Muka shimfiɗa Maigida a inuwa, Alu ya wuce maƙera. Rana ta take, layi ba ya motsi sai ka ce an dasa mu. Har Alu ya dawo da abinsa a cikin buhu ba mu shiga ba. Duk motsin da ya yi sai in ji ƙarfen ya yi ƙara.

Sai bayan azahar aka kai gare mu. Malamin asibitin wani dogo ne mai kaki, daga gabas aka turo shi, Hausarsa ma ta can ce. Faɗa gare shi kamar ya ari baki, amma Allah ya yi masa hannu. Bai tambayi aljani ko guda ba. Ya kwance tsumman ƙafa, wari ya buge mu, ya taɓa goshi, ya buɗe baki ya dubi harshe, ya ja fatar bayan hannu ya sake ta, ta tsaya cak ba ta koma ba.

Ya ce, "Yaushe rabon dattijon nan da ruwa?"

Alu ya gyara tsayuwa ya yi masa bayanin mutanen ruwa tiryan-tiryan. Malamin ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni, ni da nake jinya, yadda abin ya fara. Lokaci guda ya zo ko a hankali? Yana zuwa yana tafiya? Ya fi tsanani da yamma? Kafin ciwon ƙafar ya taɓa yin haka? Ina ba shi amsa yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Wannan ba hauka ba ne. Ɗimuwa ce." Ya faɗi sunanta na Turanci, diliriyam, kalmar ta maƙale mini har yau. Ya ce, "Jiki ne ke ciwo, kai ya ɗauka. Dafin ƙafar nan ya shiga jini, zazzaɓi ya hau, sai tunani ya dagule kamar yadda ruwan randa ke dagulewa in an motsa shi. Mutum ya manta inda yake, ya manta ranar da ake ciki, ya ga abin da babu. Zazzaɓi mai zafi na kawo ta, ciwon huhu na kawo ta, fitsari in ya toshe, rashin barci, wani magani in ya yi yawa, har mashayin da ya bar giya lokaci guda. Ta fi kama tsofaffi. Ƙishirwa kuwa ita kaɗai ma ta isa. Ku kun haɗa masa duka, kun ƙara da duhu. In aka kashe abin da ya kawo ta, sai ruwan ya kwanta."

Alu ya ce, "To, Malam, zancen jirgin da shika yi fa?"

Ya ce, "Da manomi ne da kun same shi yana noma a kan gado."

Na dubi Alu, Alu ya dubi rufin ɗaki.

Aka danne Maigida, Malam ya tsaga ƙafar, mugunya ta fita, ya zaro guntun ƙayar ya nuna mana, ɗan abu kamar tsinken sakace. Ya wanke, ya ɗaure, ya yi masa allurar fanisilin. Sannan ya ce aikinsa ya ƙare, saura namu. Allura ba za ta yi komai ba in babu ruwa a jiki, kuma shi ba shi da hanyar sa masa ruwa sai ta baki. Dole ya sha, yau, da yardarsa, don in aka ɗura masa da ƙarfi zai shaƙe.

Aka fitar da shi baranda inda haske yake, aka jingina shi da bango. Garba ya kawo ruwa a moɗa. Maigida ya datse haƙora, ya kawar da kai. Malam ya ce mu yi masa magana, mu gaya masa ko shi wane ne da inda yake, a hankali, ba da hayaniya ba.

Alu ya durƙusa ya ce, "Yaya, sha ruwa." Ko kallo bai ishe shi ba. Garba ya ce, "Baba, ni na, Garba." Maigida ya ce shi bai yi aure ba balle ɗa. Sai wani dattijo cikin masu jiran layi, da ya san shi a wurin fito, ya matso ya ce, "Sarkin Jirgi, ranka shi daɗe." Nan ne abin ya ɓaci. Ya zabura yana waige-waige, ido ya firfito, yana cewa, "Ina shike? Ku ɓoye ni, kada shi ga na bar jirgi ya kwance!" A lokacin na gane. Hankalinsa ya koma ƙuruciya, zamanin da Sarkin Jirgi mahaifinsa ne, mai bulala. Duk sunayen da muke kiran sa da su bai kai shekarun samun su ba tukuna.

Malam ya ce, "Wai shi ba shi da sunan yanka ne?"

Da ƙyar Alu ya matsa ya raɗa masa a kunne, kamar mai tona asiri. Malam ya kira sunan da muryarsa mai kaushi. Maigida ya harare shi ya ce, "Kai kuma a ina kas san ni?" Ya ƙara datse baki.

Malam ya juyo gare ni. Ya ce ya lura duk surutun da ake yi, in na yi magana ne kawai dattijon ke karkato kunne, ko da bai gane fuskata ba. Ya ce, "Inna, ke za ki kira shi."

Na ce, "Ni? Malam, rufa min asiri. Mijina na na hwari!"

Ya ce, "Na sani. Zaɓi za ki yi."

Ya juya ya koma ciki wurin masu jira. Na duba, inuwar tsamiya ta miƙe ta kai bakin baranda, lokacin da abin ke motsa masa ya gabato. Hannunsa ya fara lalube yana neman abin tuƙi. Ga buhun Alu a gefe. Ga jama'a cike da baranda, maza da mata, har da surukin wata ƙawata, duk an zuba mini ido. Wallahi da a ce in tuɓe ɗankwali a kasuwa ne da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na karɓi moɗar daga hannun Garba, na ce ya juya baya. Na durƙusa dab da kunnen Maigida. Na farko a cikin maƙogwaro ya tsaya, ni kaina ban ji shi ba. Na yi bisimilla, na rufe ido, na kira sunan nan sosai, yadda na taɓa jin tsohuwarsa na kiran sa in abinci ya sauka.

Hannun da ke lalube ya tsaya. Ya juyo a hankali ya dube ni, ya ce, "Na'am."

Na ce, "Ni ta, Hajo. Bagudo muke. Ba ka da lahiya, ƙahwarka ta, an yi maka magani. Jirgi na nan ɗaure, ba abin da yas same shi. Karɓi ruwa ka sha."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya buɗe baki. Na ji ruwan nan na sauka a maƙogwaronsa, ƙwat, ƙwat, ban taɓa jin kiɗi mai daɗinsa ba. Ya shanye ya miƙo moɗar a ƙara. Wata Bafulatana ta rangaɗa guɗa, baranda ta ɗauki kabbara da dariya, Garba na kuka da bayansa a juye. Alu ya sa ƙafa ya tura buhunsa ƙarƙashin benci.

Kada wani ya ɗauka nan take ya warke. Mun yi kwanaki a gidan wata 'yar uwata a Bagudo, kullum muna bin layin allura, har mazaunansa suka yi tsami yana zagin Malam da dukan danginsa. Ƙofa a buɗe, taga a buɗe, ruwa da kunu da romo ba ƙaƙƙautawa. Da yamma yakan ɗan ɓace, sai in zauna kusa in gaya masa inda muke da ranar da ake ciki, ya dawo. Kullum ɓatan na raguwa. Ranar da ya yi barci tun daga isha'i har rana ta fito, ya tashi ya ce wane mara tausayi ne ya sayar da akuyar Hajo, na san mutumina ya dawo.

Don haka ga abin da nake roƙon mai karatu. In tsohonka ko tsohuwarka ta kwana da hankalinta ta wayi gari tana sambatu, yau ta gane ka gobe ta ce ba ta san ka ba, kada ka fara da neman maƙeri. Duba jikin tukuna. Nemi zazzaɓi, nemi gyambo, tambayi fitsari, tuna maganin da aka ba ta, ka kai ta asibiti da wuri. Kada a rufe ta a duhu, kada a bar ta da ƙishirwa, kuma a bar fuskar da ta sani kusa da ita. Na gode wa Malam mai faɗa, duk inda yake Allah ya saka masa. Na gode wa Alu ma, da ya mayar da marin nan maƙera aka buɗe shi aka yi sarƙar ɗaure babban jirgi. Tsohuwar Dandawa kuwa da kanta ta zo barka, ta ce mutanen ruwa sun yi masa sassauci. Na ce ƙwarai kuwa, na ba ta goro.

Ranar mulkin kai jiragen tungarmu suka fito a jere, kuma shi ne a gaba. Garba ke tuƙi, shi yana zaune da ƙafa a naɗe bisa buhu, yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Ni ma an sa ni a jirgin, wai don in riƙe masa gorar ruwa. Makaɗa na biye da mu, tuta kore da fari na kaɗawa, mutanen Dahomi a bakin gaɓa suna ɗaga mana hannu. Duk abin da ya faru a ciwon nan ya ce bai tuna ba, ko jaki, ko muciya, ko ƙulun Alu. Na yi hamdala a zuciyata, na ce asirina ya rufu.

Muna tsakiyar gulbi, kiɗa ya cika kunne, sai ya karkato gare ni yana kallon gaba kamar ba da ni yake ba.

Ya ce, "Hajo, abu guda nika tunawa. Ina can wani wuri mai duhu, sai nij ji wata marar kunya ta kira sunana."

Na ja mayafi na rufe fuska. Na ce, "Sambatun ciwo na."

Can ya ce, "Tun ranar da Inna tar rasu ban ƙara jin shi bakin wanda nika so ba." Ya share ido da hannun riga, wai feshin ruwa ne. "Ga kiɗi, ba mai ji. Sake hwaɗi."

Na dubi Garba, hankalinsa na kan tuƙi. Na matsa kusa da kunnensa.

Na ce, "Manu."

Ya amsa da "Na'am!" da ƙarfin da sai da makaɗa suka waiwayo.